Faifan Mannir

A shagon Bishir, bayan Ƙofar Ƙaura,
wana Mannir ya sa aka ɗura masa waƙa ɗari da tara
a faifai guda, naira ɗari biyu.
Da baƙar maka ya rubuta a kai: "Na hanya."

Rediyon motarsa kuwa sai da lallami.
Ka ba ta, ta haɗiye, ta yi gurnani, ta tofo.
Sai ya hura wa faifan iska,
ya goga a hannun riga,
ya ce, "Haba hajjaju, karɓi mana."

Bara motar ta zama tawa, har da bashin bakanike.
Faifan na ciki.

Yara na cewa, "Baba, sayi memori,
wa ke yayin wannan?"
Na ce to.

Duk Juma'a in na ɗau hanyar Daura,
ana wuce Mashi waƙa ta bakwai ke sarƙewa,
kalma ɗaya, ta yi ta nanatawa.
Nan ne yakan bugi rediyon da tafin hannu,
ya ƙarasa baitin da muryarsa ta kwaɗo.

Ni ba na bugu.
Rage gudu nake, in saurara.