Makarar Masallacinmu

Shekara uku alƙali ya ce.
Na ƙirga su da farce a bangon ɗaki a Birnin Kebbi,
uku cif, har da kwana tara na jiran sa hannu.
Injin ban ruwa na ɗauka a fadamar albasa.
Ban musa ba a lokacin, yanzu ma ba na musu.

Ranar da aka buɗe ƙofa,
ganduroba ya ba ni kuɗin mota zuwa Jega,
ya ce, "Nomau, ka biya, sauka lafiya."
Ashe shi kaɗai ya san na biya.

In na shigo sahu,
sai na kusa da ni ya tuna da takalminsa a waje.
Wayar Tunau ta ɓata ranar kasuwa,
kafin la'asar 'yan banga sun farke katifata.
A aljihun rigarsa ta jiya aka same ta.
Ba wanda ya dawo ya ce mini sannu.

A can ciki na koyi kafinta,
hannuna ya saba da zarto.
Na nemi aiki wurin masu bencin makaranta,
takarda ta ce: an taɓa ɗaure ka?
Gurbin amsar ɗan mitsitsi ne,
yana cin "e", ba ya cin "amma".

Kulu ta daina zuwa famfo.
A can sunanta 'yar fursuna,
shekararta bakwai.
Ita nawa alƙali ya yanke mata?

Malam Arzika, mai injin da kansa,
shi ya yi sallama a ƙofata bayan asuba.
Bai zauna ba, bai dubi idona ba.
Ya ce makarar masallaci ta saki ƙafa,
ko zan duba.
Wataƙila tausayi ne.
Wataƙila don ba a satar makara.
Ban tambaya ba.
Na sa mata katako mai kyau, na goge ta har ta yi santsi,
kada sartse ya soki mai ɗauka.

Jiya aka ɗora Tunau a kanta.
Hanyar maƙabarta da nisa, ga rana,
wani ya gaji, na sa kafaɗata.
Ba wanda ya matsa.
Ba ta yi ko ƙara ba har muka kai.

Da muka dawo, takalmana suna inda na bar su,
na kowa ma haka.