Saura Yatsa Biyu

A arewacin Chile, inda girgije ke wucewa bai gaishe mu ba,
muna dafa dutse har ya saki tagulla.
Hayaƙin yana bin wani bututu
mai faɗin ɗakin uwata a Calama,
ɗauke da farar wuta mai cin huhu
yadda gara ke cin azara, daga ciki.

Sunana Nibaldo, walda ce sana'ata.
In cikin bututun ya tsage, ni ke shiga.

Tsakanina da numfashin tanderu
ƙyaure biyu ne na ƙarfe, kowanne ya fi mota nauyi.
Daga sama suke saukowa, sarƙa na kuka,
fanka na cusa iska mai tsabta a tsakaninsu,
don in za a yi yoyo,
mai kyau ce za ta iso gare ni.

Daren Talata, allon ofis ya ce an rufe.
Koriyar fitila ma ta rantse.
Fresia Huanca ba ta amsa musu ba,
ta hau tsani, ta zura ma'auni a gindin ƙyauren,
ta sauko tana goge hannu a wando.
Ta ce, "Saura yatsa biyu."
Ƙura ce ta daskare a mazauninsa, ta yi ƙanzo.

Injiniya Ossandón ya dubi agogo, ya sake duba.
"Yatsa biyu kacal, Fresia?"
Ta mayar da biro aljihu.
"Hancinsa bai kai haka faɗi ba."

Awa tara ana sassaƙa da kurfi.
Na zauna kan bokiti ina tauna busasshen burodi,
ina jin haushinta, ba zan ɓoye ba.
Motar asuba za ta tafi ba ni,
ga Maite ta cika shekara shida,
na yi mata alkawarin keke.

Sai ƙyauren ya zauna.
Ba ƙara ba ce, a tafin ƙafa na ji shi.
Ta rataya kwadonta, na rataya nawa mai sunana,
na sunkuya na shiga.

Duhu. Warin ashana da aka kashe.
Na ɗora hannu a jikin ƙarfen,
ɗumi kamar goshin yaro mai zazzaɓi.
A bayansa wani abu yana jingine,
ba ya fushi, ba ya gaggawa,
ƙofa kawai yake nema.

Na ɗinke tsagar, kamu huɗu da rabi.

Da na fito rana ta take tsauni,
motar ta daɗe da tafiya.
Fresia na gyangyaɗi a ƙarƙashin tsanin,
hularta ta karkace,
makullin na ɗaure a wuyan hannunta da zaren takalmi.

Ban tashe ta ba.
Na ajiye mata ragowar shayina a gefen ƙafa,
na je neman waya.