Hular Jatau

Ni ne Jatau, mai farar a-kori-kura
da fitila mai juyi a ka.
Kafin gari ya waye wa Zariya
nakan bi titin jirgi sannu-sannu
ina tsintar noti, tsakuwa, guntun waya,
wata rana gawar balbela.

Ran Talata ruwa ya shiga oba-obata.
Na kira hasumiya, sai shuuu.
Cikin shuuu ɗin na ji kamar "wuce",
ko kuwa kunnena ne ya ƙaga
don shayina na hucewa a ofis?

Na haura layin nan ruwan ɗorawa.

Jirgin koyo ba ya ruri irin na manya.
Inuwa ce ta fara shafar gilas,
sannan ƙara, sannan taya:
na ga zanen robarta,
har da lakar da ta manne.
Ya ɗaga, ya karkata wajen Samaru.
Mota ta mutu. Ƙafata ta ƙi kuloci.

Da hantsi yarinyar ta same ni,
Rifkatu, awa sha shida kacal a sama.
Ba ta yi faɗa ba.
Ta ce, "Baba, hularka shuɗiya ce ko?
Na gan ta."

Shekara ashirin da biyu
ina kwashe abin da zai kayar da jirgi,
ban taɓa sa kaina a lissafi ba.

Yanzu a bakin layin nakan tsaya cik,
in maimaita abin da na ji
sai an ce, "Haka ne."
Shayi ya yi ta hucewa.

Hular tana ƙasan akwati.