Abin da Aka Yanke Bai Kai Farce Ba

Wayar ta shigo ina tsakiyar kwaɓin burodi,
hannuna duk fulawa, da ɗan ƙaramin yatsa na ɗaga.
Fresia ce, ungozomar asibitin unguwarmu:
"Eliana, sakamakonki ya fito. Ki leƙo gobe."
Mai shirin ce maka lafiya lau
ba ya cewa ka leƙo gobe.

Ranar faranti biyu na ƙona.

Valparaíso gari ne na hawa,
ko'ina za ka sai gwiwa ta biya haraji.
Matakala ɗari da sha ɗaya zuwa ƙofarmu,
kafin in kai sama na gama raba tukwanena,
na zaɓa wa Ignacia mai riƙo,
na ji har kukan da za a yi mini.

Fresia ta kife takardar, ta zana da'ira a bayanta.
"Nan bakin mahaifa. Nan gefe, ƙwayoyin sun sauya kama.
Ba sankara ba ce. Faɗa in ji."
Na faɗa. Baki ya furta, ciki bai karɓa ba.
Ta ce, "Hayaƙi muka hango tun wuta ba ta kama ba."

Da dare na ba Nibaldo baya.
Shekara sha tara a daro ɗaya,
to wa ya shigo mini da wannan?
Sai da Fresia ta ce ƙwayar cutar 'yar kwanton ɓauna ce,
tana iya barci tun kafin a ɗaura aure,
kuma kaɗan ne ba ta taɓa ziyarta ba.
"Kada ki kafa kotu a kan gado," in ji ta.
Na rushe kotun. Ban ba shi haƙuri ba,
don bai san an yi masa shari'a ba.

A babban asibiti, ƙafafu a sama,
na haddace tsagar da ke jikin silin.
Likita Quilodrán ya shafa ruwan tsami,
ɗakin ya ɗauki warin albasar da mahaifiyata ke jiƙawa.
A allo na ga cikina, ja, mai sheƙi,
da wani farin tabo a gefe
kamar fulawa a kumatu.
Ashe kai ne ka hana ni barci?

Suka gutsiri kaɗan. Mako uku na jira.
Jira ba ya da magani a kanti.
Na wanke labulen da na wanke jiya.

Ranar aikin, allura ta sa cinyoyina rawa,
ba tsoro ba, wai haka take yi.
Siririyar waya mai zafi, ƙara kamar ta firji,
ƙauri kaɗan.
Ma'aikaciyar jinya ta riƙe hannuna
tana tsegumin tsadar burodi,
ni kuwa na dage ina kare farashinmu.
Ban gama hujja ba aka ce an gama.

Na ce a nuna mini.
Cikin 'yar kwalba yake lilo.
Bai kai farcen babban yatsana ba.

Mako huɗu ba shiga teku, ba ɗaukar buhu,
jini baƙi-baƙi yana zuwa yana ɗaukewa.
Nibaldo ya hau da cefane matakala ɗari da sha ɗaya,
ya yi miya mai gishiri kamar ruwan gaɓa.
Na shanye.

Ignacia ta kawo takardar rigakafi daga makaranta.
Na sa hannu har biro ya huda ta.

Wata shida, in ji su, a sake gwaji.
Saura kwana tara.
Ba zan yi ƙarya ba, in waya ta yi ƙara
gabana na faɗuwa har yanzu.

Yau da asuba na fasa fiya,
gefe guda ya yi ɗan baƙi.
Na sa bakin wuƙa na ƙwaƙule wurin,
na tsaya ina kallon sauran, kore shar.
Jirgin ruwa ya yi kuka a tasha.
Na shafa a burodi mai zafi,
na barbaɗa gishiri,
na ci a tsaye.