Jirgin Cindo

Kakana Cindo kafinta ne a Limancin Kona,
shekara arba'in yana yi wa mutane ƙyaure da benci.
In masallaci ya nema, ya haɗa musu makara,
ba ya karɓar ko kwabo, ya ce ai hanyar ta kowa.

Ranar da ya sauke maɗaci daga Sabon Gari,
katako goma sha bakwai a kan kura ɗaya,
maƙwabta suka ce, "Gadon wa za a yi haka?"
Ya ce, "Ba gado ba ne. Jirgi zan yi, na ruwa."

Aka kai dariyar har Ƙofar Kuyambana.
Zazzau da jirgi? Ina tekun?
Kubanni in rani ya yi, akuya ke tsallakewa.

Bai tanka ba. Ya ja layi a ƙasa da gawayi.
Yana ɗan bakwai, in ji shi, uwarsa ta goya ƙaninsa,
suka taka daga nan har Sawakin, hanyar Makka a ƙafa.
Can ya hau jirgin da ba inji, ba mai tura gora,
sai farin zane a sama ya cika ciki da iska,
katako na kuka a ƙasa kamar tsohuwar ƙofa.
Shekara sittin da biyar kukan na nan a kunnuwa.

Ni ke riƙe masa fitila.
Ya fara da ƙashin baya, dogo guda,
sannan haƙarƙari, ɗaya bayan ɗaya,
yana dafa su a rabin duro na tafasasshen ruwa
har itace ya sauke kai ya yarda da lanƙwasawa.

Uku sun karye. Na huɗu ya tsage masa yatsa,
na shidan nan da ya ci sunansa.
Ya ɗaure da tsumma, ya ce, "Dama rara ne,
miƙo ƙusa mu ci gaba da bugawa."

Gizago ya ci, zarto ya ci,
kuɗin gonarmu ta Dakace ma suka bi.
Kakata Tabawa ta yi kwana tara ba ta ce masa uffan ba,
ga garin katako a tulu, ga shi a miyar kuka.
Daren na goma na fito fitsari,
na same ta tsugune a gindin jirgin ita kaɗai,
tana cusa auduga a tsagu da tsinken kitsonta.
Ta ce, "Kar ka faɗa. Tsohon banza ne, bai iya iyo ba,
ni ba zan yi takaba don ya sha ruwa."

Ita ta ɗinke buhun fulawa ashirin da ɗaya.
Da aka gama, jirgi ya fi zaure faɗi.
Kaka ya dubi bangon da ubansa ya gina,
ya ce bismillahi, ya fara rushewa.

Masu dariyar nan su suka ɗauke shi a kafaɗa
zuwa mota, daga mota zuwa bakin Galma.
Muka shiga, ni da shi. Iska ta ƙi.
Zane ya rataye kamar wankin da aka manta.
Ruwa na tsattsafowa, ya ce bar shi, itace na sha ne,
in ya ƙoshi zai kumbura ya rufe bakinsa.
Muna nan har la'asar, ina kwarfa da ƙwarya,
yara a gaɓa sun gaji, sun soma watsewa.

Sai gabas ta yi baƙi.
Buhun Tabawa ya yi ajiyar zuciya, ya cika,
igiya ta miƙe, katako ya yi ƙara ƙarƙashinmu.
Kaka ya rufe ido. Ya ce, "Shi ne."
Ya kira sunan ƙanin nan, Barau,
wanda suka bari a yashin Sawakin ba dawowa.

Gaɓa ta yi nisa, hadari na bisa kanmu.
Na ce, "Kaka, yaya ake juya shi?"
Ya yi dariya har haƙoransa biyu suka fito:
"Ina ɗan bakwai, yaro. A mota muka komo.
Tafiya kawai na gani, ban ga juyawa ba.
Riƙe igiyar nan. Mu koya a kan ruwa."