Tsirkiya Huɗu

Wata bakwai ina zuwa aiki a ƙafa,
na bar bas don in sayi bes.
Uwani ta ce a waya, "Anya kanki ɗaya?"
Na ce ɗaya ne, takalmin ne dai ya rabu biyu.

A ɗakin wankin asibiti, can ƙarƙashin ƙasa,
injuna tara ke juya zannuwan marasa lafiya.
Na ƙarshen, na bakin ƙofa,
gurnani yake ƙasa-ƙasa.
In na jingina da shi, a haƙarƙari nake jin sa.
Shi ya fara koya mini
cewa ba waƙar nake so ba,
abin da waƙar ke takawa nake so.

Kuɗin na cikin gwangwanin madara:
fam ɗari da sha takwas,
bayan haya, bayan wuta,
bayan na aika na maganin Baba,
bayan makonnin da na ci taliya da mai
har ta gane sallamata.

Asabar a Wolverhampton, yayyafi marar zuciya.
Shagon jingina a titin Dudley:
agogo, zobban aure, keken ɗinki,
duk abin da masu shi suka rantse za su dawo su fansa.
Ga ta can a rataye,
launin goron da aka tauna,
fentin ya ɗaye daidai inda hannun wani ya saba kwanciya.
Takarda a wuyanta ta ce ɗari da sittin.

Gurmit, mai shagon, rawaninsa shuɗi.
Na taya ɗari.
Nan garin ba a cewa albarka,
gira ya ɗaga, ya koma kan shayinsa.
Sai na ji Inna a kasuwar Funtuwa:
kada idonki ya riga bakinki magana.
Na ce wuyanta ya ɗan karkace.
Ya ce nasa ma.
Na ce maɗaurin tsirkiya ɗaya ba nata ba ne.
Ya ce haƙoransa biyu ma haka,
kuma har yau yana cin nama.

Dabara ta ƙare.
Na juye gwangwanin a kan kanta,
sulalla suka watse, ɗaya ya shige ƙarƙashin firji,
muka durƙusa mu biyu muna lalube.
Ya ƙirga. Ya sake ƙirgawa.
"Ɗanki za ki saya wa?"
Na ce ni ce ɗan.
Ya dubi yatsuna da sabulu ya tsattsaga,
ya daɗe yana duba,
sannan ya ja ɗari da sha biyar, ya turo mini uku.
"Hau bas. Ruwa ba ya son katako."

Babu jaka. Ledar shara biyu ya naɗe ta da su.
Na zauna a kujerar baya na rungume ta,
wata tsohuwa na ta harararmu
kamar na sato wa wani ƙafa.

Sifika kuwa, sai wani wata bakwai ɗin.

A ɗaki na dogara kanta da kabad ɗin kaya,
na ja tsirkiyar sama, mai kaurin igiyar guga.
Katakon ya karɓa. Rigunana suka karɓa.
Cokalin da ke cikin kofi ya yi rawar sanyi.
Kafin isha'i yatsa ya yi bororo,
sauti uku na iya, biyu ma aro ne daga injin wanki.

Uwani ta sake kira. "To, mu ji abin da ya cinye takalmin."
Na kara wayar, na ja, na sake ja.
Shiru.
"Ni fa ban ji komai ba."
Na ce haka take, ba ta bin waya.
Sai kin zo kin jingina.