Guntun Taba a Madrid

A ƙasan kulob ɗin da nake aiki
akwai kabad na jan katako mai ƙamshi,
ana renonsa kamar bakwaini:
ma'aunin laima a ƙofa,
makulli a wuyan manaja.
Ni nawa kawo ashana ne, da kwashe toka.

Daren Alhamis, Villacampa mai gine-gine
ya ɗaga yatsa ɗaya.
Aka zo da akwati, da farar safar hannu,
aka yi wa taba kirari kamar doki:
ganyen ya shekara goma sha biyu a duhu,
kara ɗari biyar kaɗai aka naɗa a duniya,
kowanne da zoben zinare, kowanne da lamba.
Kuɗin kara guda
hayar ɗakina ce ta wata uku, har da lantarki.

Na sunkuya zan ƙyasta,
sai idona ya faɗa kan murɗin da ke kansa.
Hagu ya yi.

Uwata bahaguwa ce.
Eulogia, teburi na arba'in da ɗaya,
layin taga, a Estelí.
Shekara talatin tana shimfiɗa ganye,
tana zare jijiya, tana naɗi,
ta ƙarasa da murɗi zuwa hagu,
yadda take tufke kan ƙanwata ranar Lahadi.
Masu duba aiki sun yi faɗa har sun gaji.
Watakila akwai wata bahaguwar a wani teburi,
ban musa ba.
Amma ɗa ba ya ɓata hannun da ya yi masa wanka.

Ba ta taɓa shan taba ba,
tabar ce ta sha ta.
Ta rine mata tafin hannu,
ta shiga wainar masarar da take toya mana,
ta zauna mata a ƙirji, tana tashinta da asuba.
A kan kara ake biyanta,
ana ƙirgawa da yamma, ana ture na turewa.

Ashanata ta yi rawa.
Villacampa ya ce, "Yaro, hannunka."
Na ce, "Sanyi ne, ranka ya daɗe."

Zuƙa uku ya yi.
Ta farko don abokansa,
ta biyu don waya, ya karkato agogo ya shiga hoto,
ta ukun ban san don wa ba,
don a nan aka kira shi kan wani fili.
Ya fita yana ta lissafi,
ya bar shekara goma sha biyu a bakin faranti
tana mutuwa a hankali.

Doka ta ce kwandon shara.
Na naɗe shi a tsumman goge kofi,
na hau motar ƙarshe zuwa Usera
da dukiya a aljihun da babu kuɗin shayi.

Ƙarfe uku na dare na warware shi kan tebur,
ganye bayan ganye,
sai ga daminar garinmu a ɗaki,
ga rumfar shanya, ga jar ƙasa,
ga zufar tsakar rana.

Na kira ta. Can magariba ce,
ina jin kajin maƙwabta suna hawa.
Na fara faɗin kuɗin, ta katse ni.
"Bar wannan, Nicanor. Ya ci daidai?
Bai zarce ta gefe guda ba?"
Na ce daidai ya ci.
"Tokar fa?"
Fara fat, ta tsaya ba ta zube ba.

Ta yi tari, ta yi shiru.
"Ya shanye?"

Na dubi ganyen da ke gabana.
Na ce, "Mamá, sai da ya ƙona yatsa."